Zaman Tsohuwar Manhaja Da Sabuwa A Kwamfuta Guda: A Yi, Amma Da Sharaɗi

Daga Wakilinmu

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga babbar manhajar nan da ake kira Windows 10, watau ya daina aiko mata da facin tsaro na kyauta wanda ya shekara goma yana aikowa. Wannan rana ta zo ta wuce a Tambuwal da Kebbe ba tare da an ji ɗuriyarta ba, domin kuwa washegari akawu ya kunna kwamfutarsa ta tashi kamar kullum, mai shagon buga takardu ya ci gaba da karɓar aiki, ɗalibi ma ya buɗe darasinsa ya yi karatu. Da yake babu abin da ya fashe, babu abin da ya yi hayaƙi, sai mutane da yawa suka ɗauka maganar ta Turawa ce can, ba ruwanmu. Alhali kuwa ta fi shafarmu a kan su, saboda su suna da halin sayen sababbin na'urori, mu kuwa abin da ke hannunmu shi za mu yi ta lallaɓawa.

Ga wanda bai saba da waɗannan kalmomi ba, babbar manhaja ita ce wadda ke fara tashi idan an kunna kwamfuta. Ita ke rarraba aiki tsakanin allo da madannai da rumbun ajiya da firinta, kuma a kanta ne sauran ƙananan manhajoji, irin su ta rubutu da ta lissafi, suke zaune. Kowace tana da wa'adinta. Windows XP ta fito a 2001, aka daina kula da ita ran 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7 ta fito a 2009, nata wa'adin ya cika ran 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ta fito a 2015, ga shi ita ma ta bi sahu. Magajiyarsu, watau Windows 11, ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021, amma ta zo da sharuɗɗan da na gabanta ba su gindaya ba. A da, kwamfutar da ta ɗauki Windows 7 galibi takan ɗauki Windows 10 ba gardama. Ita kuwa wannan sai ta ce ba za ta zauna ba sai a na'urar da ke da wani sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4, da rumbu na aƙalla gigabait 64, sa'an nan injin lissafin da ke cikinta, idan na kamfanin Intel ne, ya zama daga zubi na takwas zuwa sama, wanda aka fara fitarwa a 2017. A taƙaice dai, galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 an rufe musu ƙofa.

To, kowa ya san daga inda kwamfutocinmu suke fitowa. Mafi yawan waɗanda ke hannun ma'aikata da ɗalibai gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, aka sauke su a Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja suka hauro Kano da Sakkwato, har suka iso ƙauyukanmu. Na'urori ne masu ƙwari, suna jure ƙura da zafi, kuma suna iya ƙara shekaru suna aiki. Laifinsu ɗaya, an haife su kafin a kafa sabuwar doka. Tun a watan Disamba na 2023 wani kamfanin binciken kasuwanni mai suna Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne a duniya wannan sauyi zai iya mayarwa shara. Mai hankali ya san inda rabo mai tsoka na wannan shara zai dosa, kuma ya san da araha za a kawo mana ita.

A kan wannan al'amari mutane sun kasu biyu. Akwai masu cewa a tattara duk tsofaffin na'urori a zuba a sito, a ba da kwangilar sayen sababbi. Wannan magana tana da daɗin faɗa, musamman a bakin wanda ke sa ran kwangilar za ta faɗo hannunsa, amma ƙaramar hukumar da ke fama da albashin malaman firamare da gyaran rijiyoyin burtsatse ba ta da rarar da za ta yi wannan a shekara guda. Akwai kuma masu cewa tun da na'ura tana tashi, a ƙyale ta yadda take, da tsohuwar zuma ake magani. Su waɗannan ba rowa ce kaɗai ke sa su faɗin haka ba, suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta kafin a yi musu dariya.

Hujjar ita ce, sau da yawa ba tsohuwar manhajar ake so ba, abin da ke rataye da ita ake so. Kowace firinta da kowace sikana tana bukatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi mata tafinta da babbar manhaja. Idan kamfanin da ya ƙera firintar ya daina rubuta mata sabon direba, to firintar nan lafiyayya ta zama kurma a gaban Windows 11, ko da kuwa a gaban Windows 7 tana aiki tamkar jiya aka saye ta. Haka abin yake ga wasu na'urorin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti waɗanda aka sayo tare da manhajarsu shekaru goma sha biyar da suka wuce. Akwai kuma manhajojin lissafin albashi da na ajiye sunaye waɗanda wani masani ya rubuta wa wani ofis tun zamanin Windows XP, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, yau ba a san inda yake ba. Mafi tsufa daga cikin irin waɗannan, waɗanda aka gina bisa tsarin da masana ke kira mai lamba 16, sam ba su tashi a Windows 11, domin ita mai lamba 64 ce zalla. Masu ɗab'i ma suna da nasu kukan. Da yawansu sun ƙware ne a kan PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe, ta 7, ta zo a 2001, kuma kamfanin Adobe ya daina ci gaba da ita a 2004, amma katunan biki da takardun jarrabawa da kalandun shekara da shekaru suna ajiye cikin tsarinta. Wanda ya ce wa irin wannan mutum ya share komai ya koma sabuwa a dare ɗaya, ya ce masa ne ya saki na hannu ya kama na guje.

Mu a ƙasar nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan abin da ke faruwa idan aka kashe tsoho kafin sabo ya wadata. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adin ƙarshen Janairu na 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wahalar da ta biyo baya ba wanda ya manta da ita, balle mutanen karkara da ke nesa da banki. Ba a sami sauƙi ba sai bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris, 2023, cewa tsofaffin kuɗi da sababbi su ci gaba da yawo tare. Ni a ganina irin wannan hukunci ne ya dace da kwamfutocin ofisoshinmu da makarantunmu: a bar tsohuwar manhaja ta zauna tare da sabuwa a na'ura guda, har a gama kwashe kaya. Sai dai akwai bambanci guda mai girma. Tsohuwar takardar naira ba ta buɗe wa ɓarawo ƙofar gida, tsohuwar manhaja kuwa tana buɗewa. Saboda haka zaman nan dole ya kasance da sharaɗi.

Bari mu fara duba yadda ake haɗa zaman. Hanya ta farko ita ce a raba rumbun ajiyar kwamfuta gida biyu, a sa kowace manhaja a nata ɗakin. Idan an kunna na'urar sai ta tsaya na 'yan daƙiƙoƙi ta nuna sunayen biyun, mai ita ya zaɓi wadda yake so. Abin ya yi kama da zaman uwargida da amarya: gida ɗaya, ɗaki daban-daban, kuma ɗaya ce ke da girki a lokaci guda. Wanda yake cikin Windows 7 yana son komawa Windows 10, tilas ya rufe aikinsa, ya kashe, ya sake kunnawa. Amfanin wannan hanya shi ne duk wadda ke da girki ita ke da dukan ƙarfin na'urar, don haka ko kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa tana iya ɗauka.

Amma fa aikin yana da ƙa'idoji, kuma a nan ne masu gyara na bakin hanya suka fi yin ɓarna. Tsohuwa ake fara sawa, sa'an nan sabuwa, domin sabuwar ta san da zaman tsohuwar tun daga masana'anta, za ta ba ta wuri a jerin zaɓi, ita kuwa tsohuwar ba ta taɓa jin labarin sabuwar ba, idan ta shigo daga baya tana iya shafe hanyar da ake bi a tayar da 'yar'uwarta. Sa'an nan akwai maganar tsarin rumbu. Tsohon tsari, wanda ake kira MBR, manyan ɗakuna huɗu kawai yake yarda a yanka, kuma shi Windows XP ta sani. Windows 11 kuwa sabon tsari take bukata, mai suna GPT. Ke nan haɗa waɗannan biyun a rumbu ɗaya wahala ce wadda ba ta da riba. Daɗin daɗawa, sababbin kwamfutoci na 'yan shekarun nan galibinsu ba su da direbobin Windows 7, har ma wani lokaci tun a wajen sawa madannai da linzami suke daina amsawa. Duk mai gyaran da ya ce zai sa maka Windows 7 a kwamfutar da aka ƙera bana, ka tambaye shi daga ina zai samo direbobin.

Akwai wasu tarkuna ƙanana waɗanda ba a cika faɗa wa mutane ba. Tun daga Windows 8 aka shigo da wata dabara ta saurin tashi, wadda ke sa idan ka kashe na'ura ba ta mutu gaba ɗaya ba, barci ta yi, ta bar rumbun a buɗe rabi da rabi. Idan ɗaya manhajar ta tashi ta taɓa wannan rumbu, fayiloli na iya lalacewa. Don haka wajibi ne a kashe wannan dabara kafin a fara zaman biyu. Haka kuma Windows 11, musamman daga fitowarta ta ƙarshen 2024, takan kulle rumbu da kanta da wani makulli mai suna BitLocker, kuma idan ta ga an taɓa hanyar tashinta tana iya neman lambobin buɗewa guda 48. Wanda ya rasa su gaba ɗaya, to shi da takardunsa sai dai kallo, domin ba mai gyaran da zai iya fasa wannan makulli. Sai kuma babbar matsalarmu ta gida, watau wutar lantarki. Yankan rumbu aiki ne wanda idan wuta ta ɗauke yana tsakiya, ana iya rasa duk abin da ke ciki. Kada wanda ya soma shi a kwamfutar tebur ba tare da batirin ajiyar wuta ko janareta ba, kada kuma a soma shi sam sai an kwafe duk wani abu mai muhimmanci zuwa wani rumbu na daban an cire shi an ajiye gefe. Tambuwal tana da nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, Kebbe ta fi haka, kuma ko an kai rumbun birni ba tabbas ne a ceto abin da ya ɓata ba.

Hanya ta biyu ta fi wannan tsabta ga wanda na'urarsa ke da ƙarfi. Ita ce a gina kwamfuta cikin kwamfuta. Akwai manhajoji irin su VirtualBox, wadda kamfanin Oracle ke bayarwa kyauta, da Hyper-V, wadda ke zuwa cikin Windows na ma'aikata, waɗanda ke ware wani yanki na ƙwaƙwalwa da rumbu su yi masa siffar na'ura mai zaman kanta. Sai a sa tsohuwar manhaja a ciki, ta riƙa buɗewa a taga guda kamar kowane aiki, ita a zatonta a kwamfutarta take. Ba sai an kashe an kunna ba, ana iya miƙa mata tsohuwar firinta ta kebul, ana iya toshe mata hanyar intanet da danna wuri ɗaya, kuma idan ta kamu da cuta sai a mayar da ita yadda take jiya daga hoton da aka ɗauka. Wannan ba dabarar 'yan bakin hanya ba ce. Shi kansa Microsoft, sa'ad da ya fitar da Windows 7 a 2009, ya haɗa wa ma'aikatu da wani tsari irin wannan mai ɗauke da Windows XP a ciki, domin ya san ba za su rabu da tsofaffin manhajojinsu a rana ɗaya ba. Sai dai na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta kai gigabait 8 ba za ta riƙa jan ƙafa. Ofishin da ya sami sabuwar kwamfuta, kuma manhaja ɗaya tak ce ke riƙe shi a baya, wannan hanya ita ce tasa.

Yanzu sai maganar haɗari, wanda shi ne dalilin sharaɗin. Facin tsaro da ake aikowa kowane wata toshe ramuka ne waɗanda aka gano ɓarayi na iya shiga ta cikinsu. Idan aka daina aikowa, ramukan ba su daina bayyana ba, mai toshewa ne ya tafi. Ran 12 ga Mayu, 2017, wata cutar kwamfuta da aka yi wa laƙabi da WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kama na'urori fiye da 200,000, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansar dala 300. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita da ayyuka kimanin 19,000. Abin lura a nan shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan rami tun ran 14 ga Maris na shekarar, kuma mafi yawan na'urorin da suka kamu masu Windows 7 ne waɗanda ba a sa musu facin ba. Cutar ba ta jiran wani ya danna wani abu, da kanta take tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura matuƙar suna haɗe. To, idan wannan ya sami waɗanda ke da magani a hannu suka yi sakaci, ina ga wanda aka ce masa maganin ma an daina yi?

Kuma kada mai karatu ya zaci bangon da ke tsakanin ɗakunan nan biyu na rumbu yana hana cuta ƙetarawa. Idan tsohuwar manhaja ce ke da girki, tana ganin ɗakin sabuwar, tana iya buɗe shi, kuma duk cutar da ta kama ta tana iya bin fayilolin da ke can ta kulle su ko ta lalata su. Wannan shi ne abin da masu cewa a ƙyale komai yadda yake ba su lura da shi ba. Kwamfutar ofishin ma'aji ko ta sashen ma'aikata tana ɗauke da sunayen mutane, da lambobin asusunsu na banki, da matakin albashinsu, da ranar da za su yi ritaya. Ta asibiti tana ɗauke da sirrin marasa lafiya. Tun daga watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, kuma ba ta ware ofishin gwamnati ba. Tsohon ma'aikacin da takardunsa suka salwanta a cikin na'ura, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Kuchi da Kebbe da Sakkwato yana neman haƙƙinsa, ba zai gamsu da bayanin cewa bairos ne ya ci ba.

Sharaɗin da nake nufi ke nan: tsohuwar manhaja kada ta ga intanet ko da na minti ɗaya. A cire mata direban waya da na iska, ta yadda ko wani ya so haɗawa ba zai iya ba. A ɓoye mata ɗakin sabuwar. Kada a riƙa cusa mata kowane filashi da aka kawo daga shagon buga takardu, domin a wurarenmu ta filashi cuta ta fi yawo. Aikinta ya tsaya kan abin nan guda da aka bar ta dominsa, ko buga takarda da tsohuwar firinta, ko buɗe tsohuwar manhajar albashi, ana gamawa a koma sabuwa. Ko da wani ya so yin taurin kai, duniyar ma ta soma rufe mata ƙofa, tun da manhajar shiga intanet ta Chrome ta daina sabunta kanta a Windows 7 tun farkon 2023. Sa'an nan a rubuta ranar sallamarta. Zaman da ba a sa masa rana ba shi ne ke zama na dindindin, a wayi gari shekara goma ta wuce ana nan ana cewa za a sauya.

Saura tambayar da ta fi damun mafi yawan masu karatu: wanda kwamfutarsa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba fa, wace sabuwa zai sa a gefen tsohuwar? A nan ne ya kamata mu buɗe ido mu ga cewa ba Microsoft kaɗai ke yin babbar manhaja ba. Akwai Linux, wadda wani ɗalibin jami'a ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya soma a 1991, kuma kyauta ce ga kowa. Daga cikin ire-irenta akwai Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, da kuma Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kusa da ta Windows 7 har wanda ya saba da wannan ba zai sha wuya ba. Ubuntu ta watan Afrilu na 2024 tana da alkawarin facin tsaro na kyauta har 2029, kuma tana tafiya lafiya a na'urorin da Windows 11 ta ƙi. Wajen sawa, da kanta take lura akwai Windows a rumbun, ta tambaya ko a zauna tare. Sai mutum ya mayar da ita ta shiga intanet da aika wasiƙa da harkar banki, ya bar tsohuwar Windows a rufe don aikin da ba ya yiwuwa sai da ita. Wani ɗan abin mamaki da zai gani shi ne, idan ya fito daga Linux ya shiga Windows agogo zai koma baya da awa ɗaya, saboda ita Linux da lokacin Girinwic take saita agogon na'ura, mu kuwa muna gaban Girinwic da awa guda. Gyaransa ba wuya, amma akawun da bai sani ba yana iya buga takarda da lokacin da ba daidai ba.

Ba zan ɓoye cewa wannan hanya tana da nata nauyi ba. Jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, abin kuma ya zauna, domin an haɗa shi da horar da malamai. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kwashe shekara goma yana sauya kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows. Ma'aikacin da aka sauya wa kayan aiki ba tare da an koya masa ba zai tsani kayan, ko da sun fi na da kyau. Wannan ma wani dalili ne na barin biyun tare na ɗan lokaci, don hannu ya saba a hankali.

Wani zai ce ai masu gyara sun san yadda ake zagaye sharuɗɗan, a cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura. Gaskiya ne ana yi, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura da faci ba. Mutum na iya yin kasada da tasa, amma ba da ta gwamnati ba. Mafi muni shi ne kwafin sata da ake sayarwa a filashi, wanda aka fasa makullinsa da wata manhajar da ba wanda ya san abin da aka dasa a cikinta. Doka dai ita ce kowace Windows da aka sa, ko a ɗaki na biyu ko a kwamfuta cikin kwamfuta, tana bukatar lasisinta. Ga masu Windows 10 kuma kamfanin ya buɗe wata ƙofa ta ƙarin wa'adi: ga mutum ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga ma'aikatu, har shekara uku, a kan dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, ga makarantu kuwa dala 1 a shekarar farko, 2 a ta biyu, 4 a ta uku. Wannan rangwame na makarantu abu ne da ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta bincika ko makarantunmu sun cancanta.

Ga ɗalibai, ina da magana ta musamman. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, hukumar WAEC ma ta soma gwada haka ga masu zaman kansu a farkon 2024. Yaron Dogon Daji ko Sanyinna ko Jabo da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa an riga an cuce shi, kuma a wajensa tsohuwar kwamfuta mai aiki ta fi sabuwar da ke cikin takardar kasafin kuɗi. Don haka ɗakin kwamfutar makaranta ba wurin zubar da na'ura ba ne don kawai ta tsufa. Wanda kuma ke karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha, raba rumbu da sa manhaja biyu yana daga cikin darussan da zai fi ƙaruwa da su. Amma ya yi gwajinsa lokacin hutu, bayan ya kwafe komai. Makon da za a miƙa kundin kammala karatu ba lokacin wasa da rumbu ba ne.

Akwai wani dalili kuma da ya keɓanta da yankinmu. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar tsaro, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. Windows 11 ta gida tana neman intanet da asusun Microsoft tun a ranar da za a fara saita ta, kuma sababbin manhajoji da yawa sun koma na haya, masu son su riƙa leƙa intanet suna tabbatar da biya. Ofishin da ke wurin da layi ke zuwa yana ɗaukewa yana da hujjar riƙe kayan aikin da ke tafiya ba tare da layi ba, kuma wannan hujja ta yi daidai da sharaɗin da na ambata, tun da dama tsohuwar ba a son ta ga intanet.

Abin da ya rage shi ne a fitar da wannan al'amari daga hannun ra'ayin kowane akawu da mai gyaransa, a mayar da shi tsari rubutacce. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan nasu ne su sarrafa, kuma wanda ke neman riƙe kuɗinsa dole ya iya riƙe littattafansa. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi, su sa a bi ofis-ofis a rubuta kowace kwamfuta: shekarar da aka ƙera ta, manhajar da ke kanta, aikin da take yi, da abin da ke hana ta komawa sabuwa. Wannan aiki bai fi ƙarfin ma'aikaci ɗaya da littafi ɗaya ba. Daga nan za a ga waɗanda za su ɗauki Windows 11 kai tsaye, da waɗanda za a haɗa musu biyu, da 'yan kaɗan ɗin da ke riƙe da albashi da bayanan jama'a, waɗanda su ne ya kamata a fara sauyawa da sababbi. A sa mutum guda, da sunansa a takarda, wanda shi kaɗai ke da izinin taɓa rumbun na'urar gwamnati, kuma shi ke adana lambobin makulli da kwafin ajiya. Tsofaffin bayanan da ke cikin manhajojin da marubutansu suka ɓace, a fara fitar da su zuwa tsarin da kowace manhajar lissafi ke iya buɗewa tun tsohuwar na'urar tana numfashi.

Sai kuma jami'an sito da masu sa hannu a takardar karɓar kaya. Nan gaba kaɗan za a yi ta kawo kwamfutoci masu sheƙi, an goge su an sa a kwali, da Windows 11 a kan allo, alhali cusa ta aka yi. Microsoft yana da wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check wadda ke faɗa cikin minti ɗaya ko na'ura ta cika sharuɗɗan ko ba ta cika ba. A kunna kowace kwamfuta a gaban ɗan kwangila, a gwada ta da wannan manhaja, a duba zubin injin da ke cikinta, kafin a sa hannu.